Asusun Gama Kai a Bakin Dajin Rugu: Wace Riba Ce ta Mambobi?

A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin Jihar Katsina ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, aka yi watanni a haka. An ɗauki matakan ne domin a toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun kuɗi da labari. Amma ga ƙaramar ƙungiyar adashi ko ta gama kai a ƙauye irin Yasore, da sauran garuruwan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, lamarin yana da wata fuska. Wanda ya turke rago da kuɗin rance ba shi da inda zai sayar, mai POS ba shi da sabis, ɗan da ke ci-rani a Legas kuma ba shi da hanyar turo kuɗi gida. Masu bashi suka shiga matsi a lokaci guda, a daidai lokacin da masu ajiya suka fi bukatar kuɗinsu.

Duk wanda ya ga irin wannan yanayi zai fahimci dalilin da ya sa wata shawara take yawan tasowa a tarukan ƙungiyoyi bayan kaka: kada asusu ya dogara da rance kaɗai, a sayi hatsi a ajiye, a buɗe shagon taki, a sayi injin niƙa, a sa yaro a kan POS, ko a kama fuloti a cikin Katsina. Shawarar tana da hujja, kuma masu kawo ta yawanci da kyakkyawar niyya suke yi. Sai dai mafi yawan abin da ake kira ƙarin hanyoyin samun kuɗi ga ƙaramar ƙungiya, ƙarin hanyoyin asara ne ga mambobinta. Kaɗan ne daga cikinsu suka cancanci a shiga, kuma akwai ma'aunin da ke rarrabe su.

Abin da ke tura ƙungiya kasuwa

Matsi na farko shi ne wanda aka fara da shi. Hikimar asusun gama kai, tun daga wanda Friedrich Raiffeisen ya kafa wa manoman Heddesdorf a Jamus a 1864, ita ce mutanen da suka san juna su haɗa kuɗi su ranta wa juna. Sanayya ita ce jingina. A nan ƙarfin tsarin yake, a nan kuma rauninsa yake, domin mutanen da suka san juna galibi gona ɗaya suke nomawa. A yammacin Katsina, gero da dawa da masara da wake da rogo duk ruwan sama ɗaya suke jira, hanya ɗaya suke bi zuwa kasuwa, kuma idan aka hana shiga gonakin da ke nesa da gari, kowa ya shafa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Matsi na biyu hauhawar farashi ne. A watan Disambar 2024, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, naira dubu 100 da aka kulle a akwati shekara guda kafin nan, abin da za ta saya bai wuce na kimanin naira dubu 74 na lokacin da aka ajiye ta ba. Ma'ajin da ya riƙe amana bai taɓa ko kwabo ba, ya mayar wa mambobi da ƙasa da abin da suka ba shi.

Matsi na uku ya shafi addini. A Amurka ko Kenya, babbar hanyar shigar irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce kuɗin ruwa a kan rance. A ƙasar Hausa, mambobi da yawa ba za su karɓa ba, ba za su biya ba. Ƙungiyar da ke ba da rance marar ruwa tana yin aikin lada, amma ba ta da abin da za ta sayi littafin rajista da shi, balle ta cike gurbin wanda ya kasa biya. Saboda haka tambayar a nan ta fi kaifi fiye da yadda take a wasu ƙasashe: dole ne a sami wata hanyar shiga. Abin da ya rage shi ne wace iri, kuma daga aljihun wa.

Mai shago shi ne mai saye

Bambancin ƙungiyar gama kai da banki guda ɗaya ne mai girma. A banki, masu hannun jari daban, abokan hulɗa daban, don haka duk abin da aka caji abokin hulɗa riba ce ga mai jari. A ƙungiya kuwa, mai jarin shi ne abokin hulɗar. Idan aka ƙara kuɗin fom, ko tarar makara, ko cajin cire kuɗi, littafin ma'aji zai nuna ƙarin shiga, alhali kuɗin daga aljihun dama na mamba ya koma na hagu, an kuma rage wani abu a hanya.

Ko wannan ma da sauƙi, da a ce nauyin daidai yake a kan kowa. Tarar makara mai ƙaramin ƙarfi ke biyan ta, domin shi ne ke makara. Rabon riba a ƙarshen shekara kuwa gwargwadon ajiya ake yin sa, mai babbar ajiya shi ke ɗaukar babban kaso. Ta wannan hanya ƙungiyar da aka kafa don taimakon juna tana iya zama bututun da ke kwashe kuɗin bazawara zuwa aljihun ɗan kasuwa, ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba. Muhawarar da ake yi a Amurka kan tarar da ƙungiyoyin lamuni ke ɗora wa mambobin da suka ci fiye da abin da ke asusunsu, asalinta wannan ne: shigar ƙungiya ta ƙaru, amma marasa ƙarfin cikinta ne suka biya.

Don haka ma'aunin lafiyar ƙungiya bai tsaya kan yawan ribar da aka sanar a taron shekara ba. Abin dubawa shi ne halin mamba bayan an haɗa komai: nawa ya biya, nawa ya samu, kuma ko ya sami rance a lokacin da yake bukata.

Abin da ya faru a wasu wurare

Masana uku, John Goddard da Donal McKillop da John Wilson, sun yi nazarin ƙungiyoyin lamuni na Amurka daga 1993 zuwa 2004, suka wallafa sakamakon a 2008. Abin da suka gano shi ne faɗaɗa hanyoyin shiga yana iya amfanar manyan ƙungiyoyi, amma ƙanana sun fi dacewa da su tsaya kan ajiya da rance. Dalilin a bayyane yake. Kowace sabuwar sana'a tana bukatar wanda ya iya ta, da wanda zai sa masa ido, da jarin da zai jure faɗuwar farko. Babbar ƙungiya tana da ma'aikata da akantoci. Ƙarama kuwa tana da shugaba da sakatare da ma'aji, kowannensu da gonarsa da iyalinsa.

Manyan ma ba su tsira ba idan suka bar abin da suka sani. A watan Maris na 2009, hukumar da ke kula da ƙungiyoyin lamuni a Amurka ta karɓe ragamar US Central da WesCorp, manyan asusai biyu da ƙananan ƙungiyoyi ke ajiya a cikinsu, bayan sun zuba kuɗi a takardun bashin gidaje da darajarsu ta rushe. Ƙungiyoyin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ne suka yi shekaru suna biyan gudunmawar cike giɓin. A Kenya, binciken da aka yi wa KUSCCO, uwar ƙungiyoyin ajiya da rance ta ƙasar wadda ta shiga harkokin gidaje da inshora, ya bankaɗo giɓin da ya haura shilin biliyan 13, kuma ƙungiyoyin da suka ajiye kuɗi a wurinta ne aka umarta su rubuta asarar a littattafansu. A nan gida, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin ƙananan bankuna 224 a watan Satumbar 2010, cikin dalilan da aka bayar har da zuba kuɗi a kasuwar hannayen jari da rancen da shugabanni suka ba kansu.

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin waɗancan bankuna da ƙungiyar ƙauye. Mai ajiya a ƙaramin banki mai lasisi yana da inshorar hukumar NDIC, wadda a 2024 aka ɗaga iyakarta zuwa naira miliyan 2. Mai ajiya a ƙungiyar gama kai ba shi da wannan kariya. Idan kuɗin ya nutse, sai dai a je gaban mai gari ko alƙali, a ɓata zumuncin da ƙungiyar ta ginu a kansa.

Adalci ya bukaci a faɗi ɗaya ɓangaren. Dogaro da hanya ɗaya shi ma yana kashe ƙungiya. Melrose da LOMTO, ƙungiyoyi biyu a birnin New York, sun tattara rancensu kan lasisin tasi, wanda a 2014 farashinsa ya haura dala miliyan ɗaya. Da Uber da makamantansa suka mamaye titi, farashin ya faɗi warwas, aka rufe ƙungiyoyin biyu a 2018. Darasin da ke ciki ya dace da Batsari: asusun da dukkan masu bashinsa manoman damina ne, yana cikin haɗari irin wannan. Amma maganin da labarin ke nunawa shi ne a bambanta waɗanda ake ba rance da lokutan biyansu. Bai nuna cewa ƙungiya ta koma ɗan kasuwa ba.

Lissafin buhun masara

A ɗauki misali domin a ga yadda abin ke aiki. Ƙungiya mai mambobi 60, kowa na zuba naira dubu 5 a wata, za ta tara naira miliyan 3.6 a shekara. A ce kwamiti ya ɗauki rabin kuɗin, miliyan 1.8, ya sayi masara da kaka da nufin sayarwa da bazara.

Idan farashi ya tashi, za a yi murna. To amma wa zai saya? A ƙauye, mai sayen hatsi da bazara shi ne wanda rumbunsa ya ƙare, kuma akwai yiwuwar mamba ne. Ƙungiya ta sayi hatsinsa da araha lokacin da bashi ya matsa masa, ta sayar masa da tsada lokacin da yunwa ta matsa masa. Malamai sun daɗe suna gargaɗi kan ɓoye abinci domin jiran tsada, kuma sunan ƙungiya ba ya canza hukuncin aikin.

Idan kuma farashi ya faɗi, kamar yadda aka gani a 2025 bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi a 2024, lokacin da masu ajiya da yawa a Arewa suka sayar ƙasa da yadda suka saya, to faɗuwar kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai asarar naira dubu 450 ce. Kowane mamba ya rasa naira 7,500, wato zubin wata ɗaya da rabi. Ba a lissafa kuɗin sito da maganin ƙwari da dako ba, ba a kuma lissafa cewa sito cike da hatsi a yankin da ake fama da hare-hare abin jan ido ne ba.

Akwai asara ta uku da ba ta fitowa a littafi. A watan Mayu da Yuni, lokacin da mambobi ke neman kuɗin taki da iri da huɗa, rabin asusun yana kwance cikin buhuna ana jiran farashi. Wanda aka ce masa babu kuɗi zai tafi wurin mai ba da bashin da za a biya da hatsi idan kaka ta yi, irin bashin da aka kafa ƙungiyar domin a kuɓuta daga gare shi. Taura biyu ba ta taunuwa: kuɗi ɗaya ba zai zama jarin kasuwanci kuma ya zama asusun rance a lokaci guda ba.

Sannan a lura da cewa hatsi da taki da turkar dabbobi duk suna hawa da sauka tare da sana'ar mambobi. Shekarar da ta yi wa manomi muni ita ce za ta yi wa shagon taki muni. An ƙara yawan sana'o'i, amma haɗarin yana nan guda ɗaya, sai ma ninkuwa da ya yi.

Darasi daga Maraɗi

Ba sai an je nesa ba kafin a ga tsarin da ya jure. A 1991, ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, can tsallaken iyakar Jibiya. An gina shi ne kan adashin da mata suka saba, aka ƙara masa ƙa'idoji kaɗan: taro a kai a kai, ƙirga kuɗi a gaban kowa, akwati mai makullai da ke hannun mutane daban-daban, ƙaramin asusun jinƙai da aka ware daga asusun rance, da rabon kuɗi gaba ɗaya a ƙarshen zagaye. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta. Abin da ya riƙe shi shi ne sauƙinsa. Kowace mamba, ko ba ta yi boko ba, tana iya bin sawun kuɗinta. Sana'o'i iri-iri kuwa, daga ƙuli-ƙuli zuwa kiwon awaki, a hannun matan suke, kowacce da tata. Asusun bai shiga gasa da su ba.

Nijar ta kuma gwada wata dabara da ta shafi hatsi kai tsaye, wadda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta taimaka wajen yaɗawa tun ƙarshen shekarun 1990: jinginar hatsi. Manomi yana kawo buhunansa sito da kaka, a rubuta sunansa a jiki, a kulle da makullai biyu, a ba shi rance ƙasa da darajar kayan. Da bazara ya biya ya ɗauki abinsa, ya ci ko ya sayar. Hatsin nasa ne tun farko har ƙarshe, tashin farashi amfaninsa ne, ƙungiya kuma tana karɓar ladan ajiya sananne. Sito ɗaya ne da na misalin baya, buhunan ma iri ɗaya ne, amma wanda ya ci moriyar ya bambanta. A yankin da tsaro ke da rauni, sai a zaɓi wurin siton da hankali, ko da zai kasance a cikin garin Batsari ko Dutsin-Ma.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe

Kafin ƙungiya ta amince da kowace sabuwar hanya, akwai tambayoyi huɗu da ya dace taron mambobi ya amsa da kansa.

Ta farko: shin wannan abu yana rage wa mamba wani kuɗi da dama yake kashewa? Sayen taki a sari a raba wa mambobi a kan ƙarin riba sananne, da biya bayan kaka, ya cika wannan sharaɗi. Shi ne cinikin murabaha da bankuna marasa kuɗin ruwa irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suka saba yi. Sharaɗinsa shi ne a fara tattara sunayen masu bukata da yawan buhunan da suke so kafin a sayo, domin kada ciniki ya koma caca.

Ta biyu: idan shekara ta yi wa mambobi muni, wannan hanya za ta tsaya ko tare za su faɗi? Ya fi amfani a jawo malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da teloli da masu noman rani cikin ƙungiya, domin lokutan samunsu sun bambanta, fiye da a sayi ƙarin abin da ruwan sama ke juyawa.

Ta uku: da wane kuɗi za a yi? Ajiyar mambobi amana ce da za a iya nema kowane lokaci. Duk wani kasuwanci ya kamata ya sami jakarsa daban da littafinsa daban, daga hannun waɗanda suka zaɓi su zuba da saninsu cewa ana iya riba ana iya faɗuwa, kamar yadda ƙa'idar mudaraba ta tanada. Dokar gama kai ta tarayya ta 1993 ta ce a riƙa ware kashi ɗaya cikin huɗu na ribar shekara a asusun ko-ta-kwana. Ƙungiyar da ba ta cika wannan ba, lokacin maganar fuloti bai yi mata ba.

Ta huɗu: wa zai gudanar, wa zai duba shi, kuma shin mamba mafi ƙarancin karatu zai iya fahimtar lissafin idan an karanta a taro? Idan injin niƙan a ƙofar gidan shugaba zai zauna, ɗansa ne kuma zai riƙe shi, an riga an san ƙarshen labarin.

Za a iya cewa wannan taka-tsantsan zai bar ƙungiyoyi ƙanana har abada, alhali hauhawar farashi na cin su. Gaskiya ne cewa kuɗin da ke kwance yana narkewa. Amma hanyar kare shi ita ce ya riƙa juyawa a hannun mambobi, a gajerun zagaye, ta cinikin kayan da suke bukata, a kuma raba abin da ya rage kafin ya daɗe. Ƙungiyoyin Desjardins na Kanada, da a yau suke cikin manyan cibiyoyin kuɗi na ƙasar, sun faro ne a 1900 da ƙaramin asusun ajiya da rance a garin Lévis, kuma sai da suka yi gomman shekaru kafin su shiga inshora. Girma yana zuwa bayan amana ta kafu.

A nan ne 'yan boko na yankin suke da aiki. Akantoci da malaman jami'a da ma'aikatan banki 'yan asalin Batsari da Safana, waɗanda ke zaune a Katsina da Kano da Abuja, su ne ake yawan tuntuɓa idan ƙungiyar gida ta tara 'yan kuɗi, kuma sau da yawa daga bakinsu shawarar zuba jari take fitowa. Gudunmawar da ta fi wannan amfani ita ce su zauna rana ɗaya a shekara su duba littattafan kyauta, su taimaka a rubuta ƙa'idar da ta raba ajiya da jari, su kuma tabbatar an yi rajista a ofishin gama kai na jiha. Manomin Yasore da ya cire naira dubu 5 daga bakin iyalinsa ya kai asusu, buƙatarsa ita ce idan damina ta kama, ko rashin lafiya ta zo cikin dare, ya tarar da kuɗin a inda ya ajiye su.